Harajin Zauren Gwaggo Kubura

SHAFI NA 11

Masu turo saƙo wai an bar tsohuwa a ƙofar ofis, ku gyara zama. Yau za ta shiga.

Gwaggo Kubura ko koko ba ta sha ba ta fito. Ta ce babu abin da zai wuce maƙogwaronta sai ta ga idon wanda ya rubuta mata wannan ƙarya.

Takardar harajin na ƙulle a bakin mayafinta. Ba ta iya karatu ba, amma an karanta mata har ta haddace. Wai gidanta na bakin titin Kankia gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu, da shago, da injin niƙa. Ita kuwa ta san ɗaki uku ne na ƙasa, ɗaya ma rufinsa ya zauna tun damina. Abin da aka yanka mata, ko ta sayar da awakinta duka ta haɗa da gadon ƙarfen aurenta, ba zai biya ba. Kuma an ce in wata ya mutu ba ta kawo ba, za a sa wa zauren kwado.

Zauren da mijinta marigayi Malam Jaji ya gina da hannunsa. Nan take ajiye farantin ƙuli-ƙuli da kwalaben man gyaɗa, motocin Kano da Katsina na tsayawa ana saye. Nan ne cinta, nan ne shanta.

Ranar da masu awo suka zo tana Kusada wajen jegon autarta. Gidan a hannun Rabe ta bar shi, ɗanta na fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa. Shi ya kawo ta ofis a babur yau. Tana sauka ya ce, “Inna, ni zan jira a nan gindin bishiyar bedi.”

“Ba za ka shiga ba?”

“Kar a sace babur.”

Ta kalle shi, ta kalli ruɓaɓɓen babur ɗin, ta wuce.

Ɗaki ne mai fanka ɗaya da ba ta juyawa. Dogon tebur, maza uku a bayansa. Na tsakiya mai farin gilashi shi ne Alhaji Ikrima, shugaban kwamitin da ke jin koken masu cewa an yi musu yawa a haraji. Na damansa dattijo ne mai rawani, Modibbo Bube, wanda ke zaune a madadin mutanen gari. Na hagu marubuci ne. Can kan benci wani siririn saurayi ya rungume fayil.

Alhaji Ikrima ya ce, “Sannu da zuwa, Hajiya. Ga kujera.”

“Ni ba Hajiya ba ce, ban tahi ba. Da ina da ɗaki sha biyu na haya da tuni na tahi na dawo da haƙorin Makka.”

Marubucin ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

“To Gwaggo, zauna.”

“Ban zo zama ba. Wane ne Zahradeen, wanda aka ce shi ya rubuta wanga takarda?”

Saurayin ya miƙe ya rusuna. “Ni ne, Gwaggo. Ina kwana?”

“Kwanan da ka bar ni da shi. Ashe kai ne? Wanga ɗan abu? Ni na zaci ƙato zan gani. Ɗan wa kake?”

“Ɗan Malam Umar na Kafin Soli.”

“Mai makarantar allo?”

“Shi.”

“Ubanka mutumin kirki ne, ya zo jana'izar mijina da ƙafa. To kai ina ka koyo ƙarya?”

Alhaji Ikrima ya ƙwanƙwasa biro a tebur. “Gwaggo, nan ba a zagi. Faɗi kokenki.”

Ta kwance bakin mayafi, ta ɗora takardar a gabansa, ta danne ta da yatsa kamar za ta gudu.

“Kokena gajere ne. A nuna mini ɗakunan nan in zuba 'yan haya. A nuna mini injin in daina ɗaukar gyaɗa a kai ina kai niƙa. In an nuna, zan biya har da tukwici. In ba a nuna ba, a yage wanga abu a gabana.”

Alhaji ya juya. “Zahradeen.”

“Ranka ya daɗe, abin da na tarar shi na rubuta. Injin da idona na gan shi a zauren. Ja ne, har da bel ɗinsa. Ga kanta an jera sabulu da ashana da gishiri.”

“A zaurena?”

“A zaurenki, Gwaggo.”

“Rantse.”

“Wallahi.”

Ta tsaya tana dubansa. Bai kawar da ido ba. Wannan ya dame ta, don ta san idon mai ƙarya, ta yi ciniki da direbobi shekara da shekaru.

Ta ce, “Ina da shaida. Yana waje.”

Ta leƙa ƙofa ta ɗaga murya. “Kai mai babur, taho nan.”

Rabe ya yi kamar bai ji ba, ya duƙa yana taɓa sarƙar babur.

“Da kai nake. Ko sai na zo na kamo kunnenka a gaban jama'a?”

Ya shigo yana jan ƙafa, hula ta sauko har gira, ya yi sallama can ƙasan maƙoshi. Mutum mai 'ya'ya biyar, amma ya maƙale jikin bango kamar wanda aka kama a gonar rake.

Zahradeen ya washe baki. “A'a, Malam Rabe. Ranka ya daɗe, ai wannan ne ya tarbe ni. Har fura ya sa aka dama mini, da nono mai kyau.”

Gwaggo ta juya a hankali.

“Fura?”

“Da sukari ma. Shi ya nuna mini komai. Na gama zan tafi ya biyo ni har bakin mota, yana cewa na manta rijiya, na manta mangwaro biyu, in ƙara.”

“Mangwaro? A gidana?”

Rabe ya sunkuyar da kai.

Ta matsa gaban ɗanta. Ita gajera ce, sai ta ɗaga kai take ganin fuskarsa, amma shi ne ya yi ƙasa har gwiwarsa ta taɓa siminti.

“Buɗe baki.”

“Inna, mu je gida in…”

“A nan na zagi ɗan mutane, a nan za ka hwaɗa.”

Rabe ya cire hula ya matse ta a hannu.

“Inna, mun zaci 'yan diyya ne.”

“'Yan mi?”

“'Yan diyya. Tun kafin ki tafi Kusada ai kin ji ana ta cewa za a ƙara faɗin titi, za a rushe gidajen baki, a biya kowa gwargwadon abin da aka tarar masa. To rannan sai ga farar mota, ga mutane da riguna masu ƙyalli, ga igiyar awo, ga jan fenti. Kowa ya ce su ne. Aka ce wanda aka rubuta wa kaɗan, kaɗan zai karɓa.”

“Sai ka haifo inji.”

“Aro muka yi. Duk layin ne, Inna, ba ni kaɗai ba. Inji ɗaya ne. In yana shan fura a wannan gida, mu huɗu mu kinkime shi ta katangar baya mu kai gida na gaba. Kantar ma haka.”

Zahradeen ya zauna a bencin ba shiri.

“Shi ya sa,” in ji shi. “Gida shida, inji shida, duk ja. Ni har na ce a raina wannan layi Allah ya ba su arzikin niƙa.”

Marubucin ya kasa riƙewa, ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari. Modibbo Bube ya ja rawani ya rufe baki.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Jan inji ɗaya ne a layinsu, kuma ta san ɗakin da yake kwana. Ta haɗiye wannan, ta ajiye shi a ciki.

Ta juya wajen Zahradeen.

“Tashi tsaye, yaro.”

Ya tashi.

“Na ce maka maƙaryaci a kasuwa. Na hwaɗa a gidan suna. Na hwaɗa wa fasinjoji da ba su ma san ka ba. Yau na maimaita a gaban manyanka. Na janye. Ka yafe mini, kuma in ka tahi gida ka gaida Malam. Maƙaryacin ashe a cikina ya kwanta.”

“Haba Gwaggo, ba komai.”

“Da komai. Ka ce ka yafe.”

“Na yafe.”

Alhaji Ikrima ya cire gilashi ya goge da bakin riga. Muryarsa ta sake, irin ta wanda aiki ya zo wa da sauƙi.

“To alhamdulillahi, magana ta fito. Ma'aikacinmu ba shi da laifi. Bayanin daga gidanki ya fito, daga bakin ɗanki. Saboda haka hanya biyu ce. Ko kuɗin su tsaya yadda suke ki biya, ko shi ya sa hannu cewa ya yaudari ma'aikacin hukuma, mu miƙa shi kotu, sannan a sake duba naki. Zaɓi ɗaya.”

Rabe ya ɗago. “Zan sa hannu, Inna.”

“Wa ya tambaye ka?”

Ba ta kalle shi ba. Tun yana goye ba ta taɓa nuna shi nata ne a gaban mutane ba, ba yau za ta fara ba. Amma ta matsa taku ɗaya, ta tsaya tsakaninsa da teburin.

Ta ce, “Yaro, ina da tambaya. Ba zagi.”

Zahradeen ya ce, “Ina ji.”

“Da ka yi sallama a ƙofar gidana, mi ka ce ya kawo ka?”

“Na ce mun zo awo.”

“Ka ce na haraji ne?”

Ya kalli fayil ɗinsa.

“Ɗan Malam Umar, da kai nake.”

“Ban faɗa ba.”

“Don mi?”

“An ce kar mu faɗa. In mun faɗa, rufe ƙofa ake yi, a ce maigidan ya tafi gona.”

“Wa ya ce?”

Idonsa dai ya je kan teburin ya dawo. Alhaji Ikrima ya gyara zama, ya yi gyaran murya da babu dalilinta.

“To bar wannan. Da wancan ya bi ka har mota yana roƙo ka ƙara, tun da uwarka ta haife ka ka taɓa ganin mai roƙon a ƙara masa haraji?”

“Ban taɓa ba.”

“Ba ka gane abin da suka zata ba?”

Ya ce, “Na gane, Gwaggo.”

“Ka yi shiru.”

“Na yi shiru.”

“Ka sha furarsu.”

“Na sha.”

Ta gyaɗa kai. “Saura ɗaya. Ɗaki sha biyun nan, da idonka ka ƙirga?”

“A'a. A zaure na tsaya.”

“Don mi?”

“Gidan matan aure ne, Gwaggo. Ba a shiga. Ni ba a yi mini tarbiyyar kutsawa gidan mutane ba. Abin da ke ciki, maigida nake tambaya.”

“Wanga ka yi daidai, Allah ya yi maka albarka. To amma ɗazu ka ce abin da ka tarar ka rubuta.”

“Zauren na tarar. Na ciki faɗa mini aka yi.”

Ta waiwayo wajen teburin, ta sa hannu biyu a ƙugu.

“Alhaji, ka ji. Ku kun aiko shi ya ɓoye abin da ya kawo shi. Wancan ya yi ƙarya. Shi ya gane ya yi shiru. Ni ina Kusada ina hura wutar ruwan jego, hayaƙi na cin idona. A cikinmu duka wa bai yi komai ba? Ni. Wa za a sa wa kwado? Ni. Wace makaranta aka koya muku wanga lissahi?”

“Gwaggo, ki fahimta…”

“Na fahimta sarai. Hanya biyu ka ba ni, ga ta uku. Gidan nawa ne, Malam ya bar mini. Matar wancan za ta sa hijabinta ta koma gefe. Ni na ba da izini. Yaron nan ya tashi yanzu ya shiga har ƙurya ya ƙirga da idonsa. Abin da ya gani, shi zan biya.”

“Ba haka ake yi ba. Sai ki sa a rubuto takarda, a sa miki rana…”

“Ranar ta zo bayan wata ya mutu, kwado na rataye? Na gode.”

Sai a lokacin ta zauna. Ba a kujera ba. A bakin ƙofa, a ƙasa, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya. Masu jiran layi a baranda suka fara leƙe.

“Mai shiga ya tsallake ni, mai fita ya tsallake ni. Ba inda za ni.”

Alhaji Ikrima ya kalli agogo. Ya kalli masu leƙe. Modibbo Bube ya jingino kusa da shi.

“Alhaji, gidan ba nisa. Kuma tsohuwar nan ta nemi gafarar yaro a gabanmu ba wanda ya sa ta. Wanda ya yi haka, ana iya bin sa a ga ɗaki uku.”

Haka aka yi. Farar motar ta ɗauki kwamiti da Zahradeen. Aka ce Gwaggo ta shiga gaba, ta ce a babur ta zo, a babur za ta koma. A hanya Rabe ya fara, “Inna…” ta ce, “Dubi gabanka, kar ka ƙara mini da karaya.”

Kafin su sauka layin ya cika. An ga farar mota. Maza sun fito daga zauruka, mata na leƙe ta saman katanga. Duk wanda ya kinkimi inji rannan yana wurin, kowa na kallon ƙasa.

Zahradeen zai sa kai zaure ta tare shi da hannu.

“Yi sallama tukuna. Ka hwaɗi abin da ya kawo ka. Da ƙarhi, na bayan katanga su ji.”

Ya ɗaga murya. “Salamu alaikum. Mun zo awon haraji.”

“Wa alaikumus salam. Ka ga an rufe ƙofa? Shigo.”

Ta wuce gaba tana cewa, “Sumaiya, sa hijabi, ga baƙo.” Matar Rabe ta ja yara ta koma bayan turmi.

Tsakar gidan ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Zahradeen ya tsaya yana juya ido, kamar sauran gidan na ɓoye a wani wuri.

“Ƙirga,” in ji Gwaggo. “Wanga nawa. Wancan nasu. Na ukun, duƙa ka leƙa.”

Ya leƙa. Rufin ya rufta rabi, ana ganin sama. Akuya ta ɗago kai ta dube shi tana tuƙa.

“Ga 'yar hayar tawa. Tambaye ta nawa take biya.”

Ya yi murmushi bai shirya ba. “To sauran tara fa, Malam Rabe?”

Rabe daga bakin zaure ya nuna da haɓa. Rumbu. Madafi. Makewayi. Akurkin kaji. Rumfar da ake soya ƙuli. Daga nan lissafi ya ƙare masa, ya ce sauran a ka ya ƙara.

“Akurki,” in ji Gwaggo. “Allah ya sa da diyyar ta zo da kaji sun samu rabonsu. Rijiya kuma ga ta can, jefa dutse ka ji ko akwai ruwa. Mangwaro sai dai ka tambaye shi inda ya dasa.”

Zahradeen ya zaro biro, ya ja layi a kan abin da ya rubuta da, ya sake rubutu a ƙasa. Ta tsaya a kansa tana kallon hannun, ko da yake ba ta san baƙi ɗaya ba.

“Mi ka sa?”

“Gidan zama. Ɗaki biyu, da ɗaya rusasshe. Zaure da faranti ɗaya na sana'a.”

“Ka sa kwalaben mai? Guda takwas ne. Sa su. Ba na son ragi a kan abin da nake da shi.”

Suka fito. Alhaji Ikrima na tsaye a inuwar zauren, ya karɓi fayil ya duba, ya daɗe yana dubawa. Jama'a sun matso har ana taka juna.

Ya ce, “To. Za a mayar da shi harajin gidan zama, abin da ba zai gagare ki ba. Maganar kwado ta tashi. Maganar kai Rabe kotu ma na bar ta, tun da mu ma da namu.”

Wata mata ta fara guɗa a bayan katanga, ya ɗaga hannu.

“Ban gama ba. Gida shida aka yi wa hukuma wasa da inji ɗaya. Ni ma akwai na sama da ni, za su tambaye ni. Ba zan koma hannu rabbana ba. Kafin in sa hannu a wannan gyara, ina son sunan mai injin.”

Mazan layin suka kalli juna.

Rabe ya buɗe baki. Gwaggo ba ta ko juya ba ta ce, “In harafi ɗaya ya fito daga bakinka, ka nemi wata uwar.”

Ya rufe.

“Gwaggo,” in ji Alhaji, “kin san shi?”

“Na sani.”

“To faɗi.”

“A'a.”

“Ke da kika zo neman gaskiya?”

“Tawa na zo nema, na samu. Shekara nawa ina kai gyaɗa wajen injin nan. Ranar da nake da kuɗi a niƙa mini, ranar da ba ni da su a niƙa mini. Da Malam ya kwanta ciwo, wata uku ba a karɓi ko kwabona ba. Yau in tsaya a ƙofar gidana in sayar da sunan don a rage mini haraji? Ba da wanga baki ba.”

“Ki yi tunani. In ban sa hannu ba, takardar farko ce ke aiki.”

“Na ji.”

“Ɗaki goma sha biyu. Da kwado.”

Ta ɗaga kai ta dubi zauren. Azarar da Malam Jaji ya ɗauko a kafaɗa daga Fakuwa tana nan, ta yi baƙi da hayaƙi. Gurbin da ƙafarta ta ci a dokin ƙofa yana nan.

Ta shiga. Ta fito da farantin ƙuli-ƙuli a kai, kwalaben mai a hammata. Ta wuce ta gaban Alhaji, ta dire su a bakin titi, cikin rana tsaka.

“A kawo kwadon. Motoci a titi suke tsayawa, ba a zaure ba.”

Modibbo Bube ya ce, “Subhanallah,” a hankali. Zahradeen ya tsaya da biro a sama.

Sai jama'a suka fara darewa daga baya. Wata tsohuwa ce ke tahowa da sanda, ta ja mayafi har ya rufe rabin fuska, garin niƙa fari fat a ƙafafunta. Iya Zuliha ta gida na huɗu. Ba ta kalli motar ba, ba ta kalli kwamiti ba. Da ta iso sai ta juya wa Alhaji Ikrima baya sarai, ta fuskanci Gwaggo.

“Kubura, mayar da farantinki ciki, rana za ta narka miki mai.”

“Zuliha, koma gida. Ba ruwanki.”

“Da ruwana. Ki gaya wa mijin Ulfa, injin nawa ne. Ki gaya masa ni na ce a zagaya da shi. Fura ma a gidana aka dama ta duka.”

Ulfa, 'yar Iya Zuliha, ita ce matar Alhaji Ikrima. Shi da ba ya taka wannan layi sai ranar Sallah, ya gaida surukarsa daga bayan labule ya gudu, ina zai san ta sayi inji?

Fayil ɗin ya zame daga hannunsa. Kafin ya kai ƙasa Alhaji ya riga ya tuɓe takalmi. Ya durƙusa a cikin ƙura da babbar rigarsa, kai a sunkuye, gilashi na zamewa a hanci.

“Barka da rana, Iya. Mun same ku lafiya?”

Ba ta waiwaya ba. “Kubura, ce masa lafiya lau.”

Gwaggo ta duƙa ta ɗauki fayil ɗin, ta kaɗe masa ƙura da bakin mayafi, ta miƙa wa Zahradeen.

“Suna aka ce ana so kafin a sa hannu. An ba ku suna. Mi kake jira?”

Zahradeen ya kalli takardar. Ya kalli bayan tsohuwar. Ya kalli shugabansa a durƙushe ba takalmi.

“Ranka ya daɗe,” in ji shi, “in rubuta?”